Ƙaramin Makewayi a Ƙasan Bene: Darasi Kan Awo, Iska da Ƙwayoyin Cuta

Gabatarwa

Gidajen bene sai ƙaruwa suke yi a garuruwanmu, kuma da wuya mutum ya shiga ɗaya daga cikinsu bai tarar da ɗan ƙaramin makewayi kusa da falon baƙi ba, sau da yawa a lungun da ke ƙarƙashin matattakala. Amfaninsa a fili yake. Baƙo zai kama ruwa ba tare da ya ratsa cikin gida ba, tsohon da gwiwarsa ba ta son hawa zai huta, yaro kuma ba zai yi ta zarya sama da ƙasa ba. Sai dai duk cikin ɗakunan gida babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Akan tuna da shi ne bayan gini ya yi nisa, sai a ce wa magini ya duba inda ya rage ya cusa shi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilimin halittu da aikin magina? Amsar ita ce, makewayi shinge ne da ɗan Adam ya gina tsakanin najasarsa da bakinsa. Duk wani awo da za a yi a cikinsa, da duk bututun da za a shimfiɗa, ko dai ya ƙarfafa wannan shinge ko ya ɓula shi. Wannan maƙala za ta bi hanyoyin da ƙwayoyin cuta kan bi su tsallake shingen, sannan ta nuna yadda tsarin ɗakin zai toshe kowace hanya.

Abin da muke tsarewa

A cikin giram ɗaya na bayan gidan mutum akwai ƙwayoyin bakteriya kimanin biliyan 100. Idan aka raba wannan giram kashi dubu aka ɗauki kashi ɗaya, wato ɗan abin da zai iya maƙalewa a ƙarƙashin farce ba a lura ba, to har yanzu ana maganar ƙwayoyi miliyan 100 ne. Mafi yawansu ba su da illa, hasali ma abokan zama ne da ke taimaka wa hanji. Amma idan mai bayan gidan yana ɗauke da cuta, to a cikin wannan taro ne masu haddasa kwalara da zazzaɓin taifot da atuni da wasu nau'o'in ciwon hanta suke fitowa, tare da ƙwan tsutsar ciki.

Ba kuma sai da yawa suke kama mutum ba. Ƙwayar Shigella mai kawo atuni, guda 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da ƙato. Macijin ciki, wato Ascaris, macensa kan saka ƙwai har 200,000 a rana guda, kuma ƙwan yana iya shekaru a cikin ƙasa mai laima bai mutu ba. Wasu bakteriyar hanji, idan suka sami ɗumi da abinci, sukan ninka kansu cikin minti 20, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Wannan shi ya sa ƙazamin hannu a kan tuwon da zai kwana yake da haɗari.

Tun 1958 wani littafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa ya fayyace hanyoyin da najasa ke bi ta komo baki: ruwa, yatsu, ƙuda, ƙasa, da abinci. A ɗakin da yake rufe, sai mu ƙara ta shida, wato iska. Batun ba na wasa ba ne a wurinmu. A shekarar 2021 kaɗai, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta ƙididdige fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Zaɓen wuri da awo

Sharaɗi na farko shi ne kada ƙofar makewayi ta buɗe kai tsaye cikin ɗakin girki ko wurin cin abinci. In da hali, a bar ɗan lungu tsakaninsa da falo. Na biyu, a nema masa bango ɗaya da ke kallon waje, domin ta nan taga za ta fita, ta nan kuma bututun najasa zai sami gajeriyar hanya zuwa rami. Yawancin masu gida a wurinmu ba sa son mai zama a masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Wannan magana a yanke ta tun a kan takarda, domin juya masai bayan an zuba daɓe yana nufin fasa ƙasa da sake shimfiɗa bututu.

Mafi ƙanƙantar ɗakin da zai ɗauki masai da kwamin wanke hannu shi ne mai faɗin santimita 80 da tsawon santimita 140. Wannan iyaka ce ta ƙarshe. Ga mutanen da ke tsarki da ruwa, kuma suke shiga da manyan kaya, santimita 90 zuwa 100 a faɗi da 150 zuwa 160 a tsawo ya fi dacewa. A bar filin da bai gaza santimita 60 ba a gaban masai, da kimanin santimita 40 daga tsakiyarsa zuwa bangon kowane gefe. Dalilin wannan awo ya wuce jin daɗi. A ɗakin da ya matse, babbar riga da hijabi da bakin zane sai sun goga bango da gefen masai, su kwaso abin da suka kwaso su kai falo. Haka nan, lungun da hannu da burushi ba sa isa, to ba za a taɓa wanke shi ba.

Idan a ƙarƙashin matattakala ne, a sa masai a ɓangaren da rufin ya yi ƙasa, tun da zama ake yi a kansa, a bar ƙofa da kwami a ɓangaren da ya fi tsawo. Inda mutum zai miƙe tsaye yana buƙatar kimanin mita 2 daga daɓe zuwa rufi.

Ƙofa kuwa ta riƙa buɗewa waje. Yunƙurin bayan gida yana iya taɓa jijiyar da ke rage bugun zuciya, jini ya sauka, mutum ya yanke jiki ya faɗi, musamman tsofaffi da marasa lafiya. A ɗaki mai tsawon mita ɗaya da rabi, babu inda zai faɗa sai jikin ƙofa. In ciki take buɗewa, jikinsa ya zama sakata ke nan, masu kawo ɗauki na waje suna ji ba su da yadda za su yi.

Sai batun masai na tsuguno da na zama. Akwai wata tsoka da ta zagaye ƙarshen hanji kamar majanyi, tana tanƙwara shi don riƙe bayan gida. Tsuguno yana sassauta wannan tanƙwara, shi ya sa mai tsuguno kan gama da wuri kuma da ƙarancin yunƙuri. Bugu da ƙari, fatarsa ba ta taɓa inda wani ya zauna. Amma makewayin ƙasa na tsofaffi ne da masu juna biyu da masu ciwon gwiwa, waɗanda tashi daga tsuguno yake yi wa wuya. Saboda haka mai gida ya dubi waɗanda za su fi shiga. In ya zaɓi na zama, ɗan matashin ƙafa zai ba da wani kaso na amfanin tsuguno. Ko wanne aka zaɓa, a kafa ƙarfen dafawa a bango.

Gwiwar ruwa

Duk wanda ya leƙa cikin masai na zamani zai ga ɗan ruwa kwance a ƙasansa. Bututun ne aka lanƙwasa kamar gwiwa domin ya riƙe wannan ruwa, ruwan kuma ya zama murfi tsakanin iskar ɗaki da iskar rami. Wani mai gyaran agogo ɗan ƙasar Sikotilan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a Landan a 1775. Zurfin ruwan bai wuce santimita 5 a masai ba, a ƙarƙashin kwami kuma kimanin 7 da rabi. Wannan ɗan ruwa shi ne yake tare wari, da iskar gas mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai wadda guba ce in ta yi yawa, da kyankyaso, da sauro.

Kowace kafa da ke haɗe da rami tana buƙatar tata gwiwar: masai, kwami, da rariyar da ke daɓe. Ta ukun nan ce aka fi mantawa da ita, kuma duniya ta ga sakamakon haka. A watan Maris na 2003, cutar numfashi ta SARS ta ɓarke a wata unguwar dogayen benaye mai suna Amoy Gardens a Hong Kong. Fiye da mutum 300 suka kamu, 42 suka mutu. Da masu bincike suka bi diddigi, sai suka tarar cewa wani mai ɗauke da cutar, wanda yake fama da gudawa, ya yi amfani da makewayi a ɗaya daga cikin benayen. Mazauna gidajen sun saba goge daɓen banɗakinsu da tsumma maimakon kwara ruwa, don haka gwiwar rariyoyin da yawa ta bushe. Ga ɗakunan ƙanana, ga fanka mai ƙarfi da ke zuƙe iska waje, ga ƙofa a rufe. Da fankar ta rasa inda za ta jawo iska, sai ta jawo ta daga bututun najasa ta cikin busasshiyar rariya, tare da ƙananan ɗigo masu ɗauke da ƙwayar cutar.

Wannan darasi ya shafe mu ƙwarai. A lokacin hunturu laimar iska a Arewa takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwa kuma yana ƙafewa da sauri. Makewayin baƙi kuwa yana iya yin makonni ba a shige shi ba. Na taɓa komawa gida bayan doguwar tafiya na tarar falo ya cika da wari. Mai aikin famfon da aka kira ya ce sai an fasa daɓe an sake bututu. Kafin mu kai ga haka na leƙa rariya da tocila na ga ta bushe ƙayau. Bokitin ruwa ɗaya ya kashe maganar. Saboda haka a mayar da shi al'ada: kowane mako a kwara ruwa a rariya, a buɗe famfon kwami, a kora masai, ko da ba wanda ya shiga.

Akwai hanya ta biyu da gwiwa ke rasa ruwanta. Idan aka kora masai a saman bene, ruwan da ke gangarowa yakan ja iska a bayansa, ya zuƙe ruwan gwiwar da ke ƙasa. Alamarsa ita ce ƙarar ƙululu a kwami. Maganinsa bututun shaƙar iska ne da za a ɗaga ya wuce rufin gida, nesa da tagogi, a ɗaure bakinsa da raga. Ragar nan ba ado ba ce, domin sauron Culex, mai kukan nan da ke hana barci, a ƙazamin ruwan rami yake hayayyafa. Masanin nan Peter Morgan ya nuna ƙarfin wannan dabara a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. A gwajin kwana 78 da aka yi a 1975, an kama ƙuda 13,953 daga salgar da ba ta da bututu, amma 146 kacal daga mai bututu da raga.

Iskar ɗaki

Kora masai da ruwa yana tayar da feshi wanda ido ba ya gani. A 2022 masu bincike a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun haska irin masan da ake sa wa a ma'aikatu da hasken leza, suka ga ɗigon yana tashi har mita ɗaya da rabi cikin daƙiƙa 8. Masan gida bai kai wannan ƙarfi ba, amma shi ma yana fesawa. Rufe murfi kafin a kora yana tare manyan ɗigo, sai dai ƙananan sukan sulale ta gefe. Don haka murfi ba zai ɗauke wa mutum wanke wuri ba, kuma kada a ajiye buroshin haƙori ko asuwaki ko kofi a ƙaramin makewayi.

Taga ita ce mafita mafi sauƙi, kuma ba ruwanta da ɗauke wuta. A yi ta a sama kusa da rufi, a sa mata raga. Inda babu bangon waje, dole a sa fankar zuƙe iska mai bututun da ya fita waje, ba cikin silin ba. Ƙa'idar gini ta Ingila ta tanadi lita 6 a kowace daƙiƙa ga irin wannan ɗaki. Mu yi lissafi. Ɗaki mai faɗin mita 0.9 da tsawon 1.5 da tsayin 2.4 yana ɗauke da iska lita 3,240. A lita 6 kowace daƙiƙa, fankar na buƙatar minti 9 kafin ta fitar da kwatankwacin wannan iska sau ɗaya. Ke nan kashe ta da zarar an fito kuskure ne, a bar ta ta ƙara kamar minti 15. Sannan a bar tazarar santimita 1 a ƙarƙashin ƙofa, domin fanka ta sami iska mai tsabta daga cikin gida, kada ta nemo ta daga rami kamar yadda ya faru a Hong Kong.

Kwami, buta da hannu

Bincike da dama da aka tattara sun nuna cewa wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kimanin kashi 30 cikin 100. Amma ɗan Adam ba ya wanke hannu in sai ya je nema. Saboda haka kwami ya kasance cikin ɗakin, tsakanin masai da ƙofa, yadda mai fita ba zai iya kauce masa ba. Tsayinsa daga daɓe santimita 80 zuwa 85. Akwai ƙanana masu faɗin santimita 40 da kuma na kusurwa, amma kada a sayi wanda hannu biyu ba za su shiga ba, ko wanda bakin famfonsa ya manne da gefe, domin ruwan zai riƙa fantsama a tufafi da daɓe. Famfo mai maɗaukin da ake turawa da bayan hannu ya fi na murɗawa, tun da ƙazamin hannu ne yake buɗewa, wankakke yake rufewa.

Ruwa kaɗai ba ya isa, saboda ƙwayoyin cuta suna maƙale ne a cikin maiƙon fata. Kowane ƙwayar sabulu tana da kai biyu, ɗaya yana kama mai, ɗaya yana bin ruwa, da haka take ɓamɓaro maiƙon ruwa ya tafi da shi. Aikin na buƙatar cuɗawa ta aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. A yi wa sabulu mazauni mai ɓuli don kada ya kwana cikin ruwa. Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɗaukar ƙwayoyi da raba su, tawul ɗaya mai laima da kowa ke gogawa kuwa matattara ce, sai a riƙa sauya shi akai-akai.

Zanen da ake kwafowa daga ƙasashen masu amfani da takarda ba ya tuna da buta. Mu da ke tsarki da ruwa muna buƙatar ɗan famfo a ƙasa, a hannun daman mai zama, tun da dama ke riƙe buta hagu ke wanki. Butar makewayi ta zauna a makewayi, kada ta fita wurin alwala ko randa, kuma a riƙa wanke mariƙinta da sabulu, domin babu abin da hannaye suka fi taɓawa a ɗakin kamarsa. Kada a bar bakin tiyo nutse a cikin bokiti ko masai, domin idan ruwan famfo ya ɗauke, bututu yana iya zuƙo ƙazamin ruwan ya mayar da shi layin ruwan sha.

Daɓe da bango

Zarnin da ke tashi a makewayi aikin bakteriya ne. Su ke farfasa sinadarin yuriya na fitsari su mayar da shi ammoniya. Simintin da ba a shafe ba yana tsotse fitsari kamar soso, shi ya sa turare ba ya maganinsa. A sa tayil a bango har aƙalla tsayin ƙirji, a cike tsakaninsu sosai, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tayil na daɓe ya zama mai kaushi, marar santsi. Daɓen ya yi ƙasa da na falo da kamar santimita 2, ya kuma gangara zuwa rariya, yadda ruwa ba zai kwanta ba balle ya kwararo waje. A ajiye takalmin roba na shiga makewayi kaɗai. Wajen wanki kuma a kiyaye: kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin, wadda a ɗaki ƙarami marar taga tana iya shaƙe mutum.

Ina ruwan yake zuwa?

Bututun najasa ya zama mai inci 4, a shimfiɗa shi da gangarar kimanin santimita 2 da rabi a kowace mita, ba tare da kwana-kwana masu yawa ba. Daga nan sai tankin ƙasa, inda bakteriyar da ba sa buƙatar iska suke narkar da najasa, ruwan kuma ya wuce sokawe ya tsiyaye cikin ƙasa. Tanki ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. Ƙasa ce take tace sauran, kuma tana buƙatar tazara kafin ta gama aikinta.

A 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa a Landan. Likita John Snow ya danganta annobar da famfon rijiyar titin Broad, daga baya aka gano cewa ramin najasar wani gida, inda aka zuba ruwan wankin ƙunzugun jaririya marar lafiya, bai fi mita ɗaya daga rijiyar ba. Shawarar da masana suka fi bayarwa a yau ita ce tazarar mita 30 tsakanin rami da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Gaskiyar magana, fili mai ƙafa 50 da 50 bai wuce mita 15 a kowane gefe ba, don haka wannan tazara ba ta samuwa a cikinsa, kuma sokawen maƙwabci na iya fin naka kusa da rijiyarka. Abin yi shi ne a kai rami can ƙarshen fili ta ɓangaren gangare, a zauna da maƙwabta kafin a haƙa, a ɗaure bakin rijiya da siminti a rufe ta, ruwan sha kuma a tafasa shi ko a sa masa kulorin.

Kammalawa

Mun ga cewa kowane ɓangare na wannan ɗan ɗaki yana tsare wata hanya ce ta cuta: gwiwar ruwa da taga suna tsare iska, raga tana tsare ƙuda da sauro, kwami yana tsare yatsu da abinci, tayil da takalmi suna tsare ƙasa, tazarar rami kuma tana tsare rijiya. Yawancin waɗannan ba kuɗi mai yawa suke ci ba, tunani suke buƙata kafin a kwaɓa siminti, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga ɗalibai, ga ɗan aiki. Ku ɗauki tef ku auna makewayin gidanku ko na ɗakin kwananku, ku kwatanta da awon da aka bayar. Ku haska rariya ku ga ko akwai ruwa kwance a cikinta. Ku riƙe siririn zare a ƙarƙashin ƙofa ku ga ko iska shiga take yi ko fita. Daga ƙarshe ku ƙirga taku nawa ne daga sokawe zuwa rijiya mafi kusa, taku ko ta maƙwabta, ku kai wa mai gida abin da kuka gano.